Jinjina ga Masu Gyaran Kwamfuta na Samaru da Sabon Gari

An kawo sabuwar kwamfuta gida, kowa na murna, amma Word ya ƙi buɗewa. A nan ake sanin darajar matasan da ke ƙananan shagunan gaban Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, da na PZ a Sabon Gari. Ba sa gaggawa. Sai sun gano ko Office na gwaji da ya zo da kwamfutar ne ke karo da sabon da aka saka, ko lambar lasisi ce ta ƙi shiga, ko data ce ta ƙare ana cikin saukewa. In an ɗauke wuta, su tayar da janareta su ci gaba, ba ƙorafi. Ɗalibai da yawa albarkacin haƙurinsu suka miƙa kundin digiri kan lokaci.