Mutumin da ya auna Kwara da igiya

Ruwan da ke wucewa ta Gusau da Bunguɗu a damina ba ya tsayawa sai ya haɗu da Rima, ya bi ta Birnin Kebbi ya faɗa Kwara. A shekarar 1896 wani hafsan sojan ruwan Faransa, Emile Hourst, ya ratsa ta wannan mahaɗa da jirage uku. Daga Kabara ya taso, mashigin Tambutu, a watan Janairu, da niyyar bin kogin har teku yana aunawa. Babban jirginsa, Davoust, na alminiyam ne, a wargaje aka ɗauko shi daga Turai aka harhaɗa a bakin kogi.

Mutumin da ya saba da rafin da ke ƙafewa da rani zai ce ai bin ruwa gangare ba wuya. Da wuya ƙwarai. Mai awo yana tsaye a goshin jirgi da igiya mai darma a baki, an yi mata alamomi. Ya jefa ta gaba, ya bari jirgi ya iso kanta ta miƙe, ya karanta zurfi ya faɗa da ƙarfi. Wani na riƙe da kamfas yana duba inda kogi ya karkata, wani na duba agogo, a rubuta duka kafin a kai lanƙwasa ta gaba. Da dare a auna tsayin taurari don a san daidai inda ake. Haka, jifa bayan jifa, kogi ke komawa taswira.

Amma igiya ba ta ganin dutsen da ke gaba, sai ido. Inda ruwa ya yi sumul ya kumbura, dutse ne kwance a ƙasa. Inda ya yi ƙananan tuƙa-tuƙa, yashi ne. Sarkawan Yawuri sun gaji wannan karatu tun kaka da kakanni, shi kuwa baƙo ya koye shi a duwatsun Ansongo da Labezanga, da jiragen da ba a yi su don wurin ba.

Abin da ya fi burge ni haƙurinsa ne. Da ya iso Sayi ruwa ya ja baya, sai ya kafa sansani a tsibiri ya zauna wajen wata biyar, har damina ta cika kogi. Sannan ya wuce Ilo da Yawuri, ya tunkari duwatsun Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, ya fice da jiragensa.

Ba na mantawa da wanda ya aiko shi. Faransa na neman hanyar mallakar ƙasashen nan ne, kuma a cikin Buzaye ya riƙa cewa shi ɗan ɗan'uwan Barth ne, matafiyin da suka sani da suna Abdulkarim, don a bar shi ya wuce. Wannan dabarar 'yan mulkin mallaka ce. Awon kuwa aiki ne na gaske, an yi shi da hannu da ido. Ya isa teku kafin shekarar 1896 ta ƙare, ya kuma buga littafin tafiyar a 1898.