Jinjina Ga Masu Tuwon Utako

Mutanen Faransa suna alfahari da ƙananan gidajen abincinsu, inda baƙo kan zauna cikin natsuwa a kawo masa girkin kakanni. To, mu ma a Utako, tsakanin kasuwa da tashoshin mota, Allah Ya hore mana irin wannan ni'ima, ko da yake a ƙarƙashin rumfar kwano take.

Tun kafin ladan ya kira assalatu, uwar tuwo ta hura wuta, ta ɗora sanwa, ta wanke shinkafar da za ta tuƙa har kafaɗa ta yi tsami, alhali ƙullun masa tun jiya ya kwana yana tashi. Ita ta san gwargwadon daddawar da miyar kuka take buƙata, da sa'ar da kabewa ta narke a taushe, ilmin da babu kundin da ya tattara shi, sai gado daga uwa zuwa ɗiya.

Matafiyin da ya sauka daga Sakkwato a galabaice, idan ta ce masa, "Sannu da hanya, Malam," ta zuba man shanu bisa malmala, ta miƙo zoɓo mai sanyi, haƙiƙa kewar gida takan yaye masa tun bai kai loma ta uku ba.