Ajala Da Littafinsa: Abin Da Matafiyi Ya Kamata Ya Kawo Tsaraba

Duk wanda ya taɓa hawa keke daga Katsina ya bi ta Jibiya zuwa Maraɗi ya san mai keke ya fi mai mota labarin hanya. Shi ne ke ganin inda gero ya yi kyau da inda fari ya taɓa shi, shi ke tsayawa bakin rijiya ya roƙi ruwa, shi ke jin abin da talakawa ke kuka da shi. Da wannan ma'auni ya kamata a auna littafin Olabisi Ajala.

Ajala Bayarabe ne da ya tafi karatu Amurka. A shekarar 1952 ya hau keke daga Chicago, ya yi ta taka shi yamma har Los Angeles a bakin teku, watau mil 2,280 cikin kwana 28. Da tufafin ƙasarsu ya yi tafiyar, yana tsayawa garuruwa yana yi wa mutane jawabi, don su san mutanen Afirka ba tsirara suke yawo ba. Bayan haka ya sami ɗan babur ya shiga duniya, a 1963 kuwa aka buga labarin yawonsa a London da Turanci, mai suna An African Abroad.

Littafin yana da abin yabo. A zamanin nan Turawa ne ke zuwa ƙasashenmu su rubuta yadda suka gan mu. Ga baƙar fata ya juya al'amarin, ya je Indiya da Rasha da Farisa da Ostareliya, ya duba su da idonsa, ya faɗi ra'ayinsa ba tsoro. Labarinsa na ƙetare iyakar da ta raba birnin Ƙudus biyu zai shiga ran mutumin Jibiya, wanda ya ga yadda aka rufe iyaka a 2023 aka raba shi da danginsa na Ɗan Isa.

To, amma akwai aibi. Ajala mutum ne mai son fada. Hankalinsa ya fi tafiya wajen yadda zai kutsa ya gaisa da manya, irin su Nehru da Khrushchev da Sarkin Farisa. Mai karatu zai gama littafin ya san dabarun Ajala sarai, amma abin da manoman ƙasashen nan ke shukawa, da yadda suke ban ruwa, da yadda suke kai amfani kasuwa, kaɗan zai samu. Manyan nan duk sun shuɗe, gonakin kuwa suna nan.

Alhaji Abubakar Imam, da ya komo daga Ingila a 1943, ya sa wa littafinsa suna Tafiya Mabuɗin Ilmi. Gaskiya ne, sai dai mabuɗi ba ya amfani sai an zura shi a ƙofar da ta dace. Saurayin da ke shirin ɗaure guzuri a bayan keke ya nufi Kwatano ko Ankara, ya ɗauki ƙarfin halin Ajala. Amma in ya isa gonakin rogo da kwakwa na bakin teku, ya sauka ya tambaya, ya rubuta. Wannan ita ce tsarabar da mutanen gida ke jira.