Jini da zaman makoki a fina-finai masu dogon zango

Da zarar an ƙwace wa wani waya a bakin kasuwar Katako, ko an daɓa wa wani yaro wuƙa a wajen biki, ba a rasa wanda zai ɗora laifin a kan fim. Maganar ta zama ruwan dare a Yamai. Ana jin ta a wa'azi, ana jin ta a fada, ana jin ta a bakin iyaye mata da suka gaji da raba yaransu da waya. Hujjar ɗaya ce kullum: fina-finai masu dogon zango sun cika kisa da garkuwa da mutane da daba, yara kuma abin da suka gani shi suke kwaikwaya, saboda haka a cire jini daga cikinsu kowa ya huta. Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, inda akasarin abin da muke kallo yake fitowa, ta bi wannan ra'ayi. A 2021, zamanin Isma'ila Na'abba Afakallahu, ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. A 2024, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta hana fina-finan daba. Niyyar mai kyau ce, damuwar iyaye kuma gaskiya ce. Amma ganewar ciwon ce aka kuskure, maganin da aka rubuta kuwa zai raunana abin da ya fi kowane amfani a wannan fanni.

Tarihin ba mai tsawo ba ne. Mutanen Nijar sun san wasan kwaikwayo tun kafin kaset. Zamanin Seyni Kountché ƙungiyoyin Samariya suna gasar wasa a bikin matasa na ƙasa, 'yan wasan Damagaram da Yazi Dogo suna cika gidaje da dariya ta rediyo da Télé Sahel, daga ƙetaren iyaka kuma wasan Samanja Mazan Fama yana shigowa daga Kaduna. Sai fina-finan Meziko da Barazil da aka juya zuwa Faransanci suka koya wa matan Yamai jiran kashi na gaba. Kanawa suka zo da kaset da faifai. A 2014 tashar Arewa24 ta buɗe, ta fito da Daɗin Kowa, wanda ya ci kyautar fina-finai ta AMVCA a 2016. Kwana Casa'in ya biyo baya a 2019, Izzar So da Labarina a 2020. Daga nan YouTube ta kammala aikin: yau mai gadi a Filato da mai ɗinki a Bukoki suna ganin sabon kashi a daren da aka sake shi, daidai da mutumin Fagge.

Abin da masu suka ba sa lura da shi shi ne yadda dogon zango ya sauya dangantakar mai kallo da mutanen cikin labari. Fim na awa biyu baƙo ne, ya kwana ya wuce. Wanda ya yi shekaru yana bin Daɗin Kowa kuwa ya san Kamaye da Adama sanin maƙwabtaka. Ya san abin da ke sa Malam Nata'ala fushi, ya san wanda ake bi bashi da wanda ke ɓoye magana. Idan aka taɓa ɗaya daga cikin irin waɗannan mutane, an taɓa wani nasa. Wannan kusanci shi ne jarin dogon zango, kuma da shi ake iya yin abin da huɗuba ba ta cika iyawa ba: a sa mutum ya ji nauyin ran da aka ɗauka a jikinsa.

Ga shi kuma mai kallon Yamai bai koyi tashin hankali a talabijin ba. A Disamban 2019 an kashe sojoji 71 a Inates, wata guda bayan nan aka kashe 89 a Chinagodrar. A ranar 2 ga Janairun 2021 aka hallaka fararen hula kusan 100 a Tchombangou da Zaroumdareye. Duk wanda ke da dangi a yankin Madarunfa ko Gidan Runji ya san yadda ake harhaɗa kuɗin fansa, a sayar da gona da shanu. Labarin da zai ɗauki shekaru yana bin rayuwar Bahaushen yau, a ce babu wanda aka taɓa sacewa ko kashewa a cikinsa, ya yi wa masu kallonsa ƙarya, su ma kuma za su gane.

Abin dubawa shi ne abin da labarin ya yi bayan an zubar da jinin. A nan ne nake ganin gwanintar marubuci take, a wata dabara da ba a cika yabawa ba domin ba ta da hayaniya: zaman makoki.

Ga yadda take idan an yi ta daidai. Kisan da kansa ba a daɗe a kansa. Wani lokaci ma ba a nuna shi, sai dai waya ta yi ƙara da tsakar dare, a ga fuskar wanda ya ɗauka. Nauyin duka yana kashi na gaba. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, takalma sun taru, ga butoci a jere. Masu gaisuwa suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da kalmomin da muka sani: ya haƙuri, Allah ya ji ƙansa, Allah ya sa ya huta. Uban yana amsawa, carbi a hannu, bai ɗaga kai ba. Kyamara ba ta gaggawa, ba a sa kiɗa. Darakta mai hankali ya san maimaicin nan shi ne aikin, domin kowane mai kallo ya taɓa zama a irin wannan tabarma, kuma a amsa ta biyar ko ta shida ne muryar uban take rawa. A cikin gida uwa ta ɗebo tsaba za ta ɗora tukunya, ta auna yadda ta saba, sai ta tsaya da kwano a hannu domin ta tuna an rage baki ɗaya. Babu wanda ya yi jawabi a kan illar daba. Ba a buƙata.

Fim gajere zai iya kai wa nan, daga nan dole ya rufe. Dogon zango ne kaɗai ke da lokacin bin sauran. Yana da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Yana da takaba, wata 4 da kwana 10, wadda za ta iya cinye zango guda: matar mamaci a ɗaki, dangin miji sun fara zancen gado, mai gidan haya yana jiran ta fita ya yi magana. Yana da yaron da aka cire daga makaranta saboda wanda ke biyan kuɗin ya tafi. Yana kuma da ɗaya gidan, wanda kusan kowa ke mantawa da shi, gidan wanda ya yi kisan. Uwarsa ta daina zuwa biki. Ƙanwarsa an fasa aurenta. Mahaifinsa ya sauya masallaci domin kada ya haɗu da uban mamacin a sahu. Matashin da ya bi wannan na tsawon makonni 10 ko 12 ya ga farashin wuƙa dalla-dalla, kuma bai gan shi a matsayin gargaɗi daga wani babba ba, ya gan shi a jikin mutanen da yake so.

Haka abin yake ga garkuwa da mutane. Nuna daji da bindiga da mutum ɗaure abu ne mai sauƙi. Mai wuya shi ne ranar dawowa da abin da ke bayanta: yarinyar da ta daina barci sai da fitila, maƙwabtan da ke gaishe ta suna kallon cikinta, ɗan'uwan da ya sayar da babur ɗinsa aka haɗa fansa yanzu ba shi da sana'a. Dokar da ta hana nuna satar mutum ta hana wannan ma, domin ba a nuna warkewar raunin da ba a yarda an yi ba.

Inda nake tare da iyaye shi ne wajen fina-finan daba, irin zubin da A Duniya na Tijjani Asase ya yi suna da shi, wasu da yawa suka bi sahu. Masu yin su suna cewa ai ƙarshen ɗan daba ba ya kyau a labarin. Wannan amsa ba ta gamsar ba. Idan an yi kashi 40 ana nuna mutum yana shigowa ana masa take, yaransa na biye, kowa na darewa, sa'an nan a kashi na 41 aka kama shi, yaro ya riga ya ɗauki abin da zai ɗauka: tafiyar, inkiyar, salon maganar. Waɗanda ya sara kuwa ba su da suna, ba su da uwa, ba a yi musu zaman makoki. Sun faɗi, an wuce.

A nan zaɓen ɗan wasa yake shigowa, kuma ya fi yawan jini tasiri. Fuska tana zuwa da tarihinta. Rabi'u Rikadawa ya sa mutane sun ƙaunaci Baba Ɗan Audu a Labarina duk da son abin duniyarsa. Sani Mu'azu ya ba Bawa Maikada na Kwana Casa'in kwarjinin da ke sa ka fahimci yadda jama'a ke bin irin wannan ɗan siyasa. Wannan baiwa ce, amma tana da kaifi biyu. Ka ba jarumin da samari ke kwaikwayon askinsa matsayin shugaban daba, ka ba wani da ba a sani ba matsayin wanda aka kashe, ka riga ka gaya wa mai kallo wanda zai bi. A juya abin: a sa fitaccen jarumin ya zama uban da ke kan tabarma. Wanda ke son ganin yadda ake kallon 'yan daba ba tare da yi musu ado ba, ya nemi fim ɗin gaskiya na Aicha Macky mai suna Zinder, na 2021, kan samarin unguwar Kara-Kara. Ta zauna da su, ta nuna tabban jikinsu da neman abincinsu da tsoronsu. Ba ta wulaƙanta su ba, kuma babu yaron da zai gama kallo ya yi sha'awar rayuwarsu.

Akwai wani nau'in kisa da ya fi ɓata dogon zango, wanda hukumar tacewa ba ta da doka a kansa: kisan da ba labari ne ya kawo shi ba, tafiyar ɗan wasa ce. Masu bin Labarina sun ga hanyoyi biyu da ake bi idan ɗan wasa ya tafi: a kashe matsayinsa, ko a ba wani. Mahmud, wanda Nuhu Abdullahi ya fito a matsayinsa, mutuwa ya yi a labarin, mutane da yawa kuma ba su karɓe ta a matsayin ƙaddarar labari ba. Sumayya kuwa, da Nafisa Abdullahi ta bar shirin, Fati Washa aka ba matsayin. An yi gunaguni, an yi ta kwatanta su. Duk da haka ina ganin hanya ta biyu ta fi mutunta mai kallo. Wanda ya taso da wasan daɓe da na rediyo ya san ɗan wasa riga ya sa, wani ma zai iya sa ta, muddin halin bai canja ba. Bayan kashi uku ko huɗu ido yana sabawa. Mutuwar da aka ƙirƙira domin warware matsalar aiki kuwa tana koya wa mai kallo cewa rai a wannan labari ba shi da daraja, gobe idan aka yi kisan da ya kamata ya girgiza shi, sai ya tambaya ko wani ne ya sake ajiye aiki. Wasu sun riga mu faɗawa wannan rami. A Amurka, shirin Dallas ya kashe Bobby Ewing a 1985 da ɗan wasan ya tafi, da ya dawo a 1986 aka ce zangon gaba ɗaya mafarki ne. A Indiya an kashe Mihir, jarumin wani shiri mai dogon zango, a 2001, masu kallo suka tayar da ƙura, aka dawo da shi da rai. Mutuwar da ake iya janyewa ba ta koyar da komai.

Furodusoshi za su ce masu kallo ne ke son faɗa, lambobin YouTube ne shaida. Lambobi suna nuna wanda ya danna, ba sa nuna wanda ya zauna. Daɗin Kowa ya haura shekara 10 ba da yawan gawa ba. Abin da ke riƙe mutane a dogon zango shi ne mutanen da suka saba da su, kuma duk wanda aka zubar a banza an rage jarin.

Saboda haka tambayar da ta kamaci mai tacewa, da malami, da uba mai duba wayar ɗansa, ita ce: wanda aka kashe ɗin nan, wa ya yi kukansa, kashi nawa aka yi ana jin rashinsa, wace fuska aka ba wanda ya kashe shi? Labarin da ya amsa waɗannan a bar shi ya nuna abin da zai nuna. Wanda ya kasa, ko ɗigon jini babu a cikinsa, bai cancanci lokacin iyali ba.

Yamai ma tana da aiki a gabanta. Ƙasar da ta haifi Oumarou Ganda, wanda ya fara cin babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a 1972, ƙasar da 'ya'yanta irin su Fati Nijar da Rakiya Moussa suka yi suna a Kano, bai kamata ta tsaya a kallo da ƙorafi ba. Makokin Tillaberi da na Maradi namu ne, babu marubucin Kano da zai san yadda ake karɓar gaisuwa da Hausa da Zabarmanci a tabarma ɗaya kamar wanda ya zauna a kanta. Tashoshinmu suna da lokacin da suke cikewa da fina-finan waje. Su ba marubutanmu zango biyu ko uku, da 'yan wasan da aka ɗaure da yarjejeniya tun farko domin kada a kashe kowa saboda ya tafi, su rubuta abin da ya same mu har zuwa fitar takaba da abin da ke bayanta.