'My Boy Jack': Tabarau A Cikin Taɓo, Da Matattun Satiru

MAI karatu, ban saba kawo maka sharhin fim ɗin Turawa a wannan shafi ba, amma yau ka yi mani uzuri. A Wurno na kalli My Boy Jack, a ɗakin wani abokina, janareto yana ta tari, kuma har muka kama hanyar Rabah washegari fim ɗin bai bar raina ba.

Labarin gaskiya ne. John ɗa ne ga Rudyard Kipling, shahararren marubucin nan na Ingila. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, yaron ya nemi shiga soja aka ƙi ɗaukarsa, don ba ya gani sosai sai da tabarau. Uban ne da kansa ya bi ta hannun amininsa Lord Roberts, aka ba yaron muƙamin hafsa a rundunar Irish Guards. Ranar 27 ga Satumba, 1915, aka kashe shi a Loos, ƙasar Faransa, makonni shida bayan ya cika shekara 18. Har Kipling ya mutu a 1936 bai ga kabarin ɗansa ba.

Fim ɗin ya fito a 2007. Brian Kirk ne darakta, David Haig ya rubuta kuma ya fito a matsayin uban, shi kuwa Daniel Radcliffe, wanda ka sani a Harry Potter, shi ne Jack. Inda suka burge ni shi ne tabaran nan. Tun farko ana ta nuna maka shi, ruwan sama na jiƙa shi, yaro na gogewa. To da harsashi ya kayar da shi, ba wani dogon jawabi, ba wasiyya. Lalube kawai yake a cikin taɓo yana neman tabaransa. Wallahi sai da abokina ya kau da kai. Mu a namu finafinan da tuni an saki fiyano, dangi sun cika allo da kururuwa. Ita ma Kim Cattrall, uwar, ba ta yi birgima ba. Zama ta yi tana duba hotunan sojoji ɗaya bayan ɗaya ko za ta ga nata.

Amma ina da ƙorafi. Fim ɗin ya yi wa Kipling sassauci. Mutumin nan ya ƙarar da alƙalaminsa wajen kambama mulkin mallaka, kuma fim bai tambaye shi komai ba game da 'ya'yan wasu da daular tasa ta kashe. Ɗan Sakkwato ba zai kasa yin wannan tambayar ba.

Ka tuna Satiru, ƙauyen da ke kudu da birnin Sakkwato. Ranar 14 ga Fabrairu, 1906, mabiya Malam Isa da Ɗan Makaho suka fatattaki sojojin Turawa da gatura da fartanya da baka. Aka kashe Laftanar Blackwood, da jami'an mulki biyu, Hillary da Scott. Sunayen ukun nan suna cikin littattafai har gobe. Tare da su an kashe baƙaƙen sojoji sama da 20, waɗanda a lissafi kawai ake ambatonsu. Ranar 10 ga Maris Turawa suka dawo, suka kashe mutane kimanin 2,000, suka shafe garin. Su ma adadi ne kurum.

Ba na ƙyashin a tuna da Blackwood, ai shi ma haihuwarsa aka yi, wani gida a Ingila ya karɓi mugun labari kamar gidan Kipling. Abin da ke ci mani tuwo a ƙwarya shi ne furodusoshinmu. Tun daga Turmin Danya a 1990 ake fim a Kano, soyayya kala-kala, amma ni dai ban taɓa kallon Satiru a allo ba. Za a ce kuɗi, za a ce dawaki da bindigogi. To rabin My Boy Jack a cikin gida aka yi shi, tsakanin uwa da uba da 'yarsu.

Da ni za a ba alƙalami, ba da Baturen zan buɗe ba. Da sojan da ke riƙe masa linzami zan fara, yaro ɗan wani ƙauye a ƙasar Goronyo, uwarsa kuma duk ranar kasuwa tana tare fatake tana tambayar ko sun gan shi.