Awon hadda ko awon gida? Sharhi a kan gwajin alƙaluma ga yaran Arewa

Gwajin da aka fi amfani da shi wajen auna ƙarfin riƙewa mai sauƙi ne: a karanta wa yaro jerin alƙaluma, shi kuma ya maimaita. Muna ganin cewa idan aka kawo shi lakkwal ɗin Dogon Dutsi, Matankari ko Tibiri yadda yake, abin da zai auna ya wuce ƙwaƙwalwa.

Tun 1975 Baddeley da abokan aikinsa suka nuna cewa mutum yana riƙe kimanin abin da zai iya furtawa cikin daƙiƙa 2. A 1980 Ellis da Hennelly suka gwada wannan ga masu jin harshen Wales da ingilishi: sun fi riƙe alƙaluma da ingilishi, saboda sunayensu sun fi saurin faɗa. To, mu duba namu. Daga ɗaya zuwa tara, kowane alƙalami na hausa gaɓa biyu gare shi, alhali na faransanci kusan duk gaɓa guda ne. Bisa wannan ƙa'ida, faransanci ya kamata ya yi rinjaye. Amma rinjayen na wanda bakinsa ya saba ne kawai. Ɗan ma'aikaci da ke jin faransanci a gida zai ci wannan riba. Ɗan manomi da ya fara jin sa ranar shiga aji zai ɓata daƙiƙoƙinsa wajen laluben kalma. Sai a rubuta cewa ɗaya ya fi ɗaya ƙwaƙwalwa.

Peal da Lambert, a bincikensu na Montreal a 1962, sun yi ƙoƙarin daidaita matsayin iyaye kafin kwatanta yara. Wannan ci gaba ne, sai dai ma'auninsu bai isa ba a Arewa. Ɗan malam da ya wanke allo shekara uku ya koyi dabarun hadda. Haka ɗan maroƙi da ya tashi yana jero sunayen sarakunan Arewa. Takardar tambayoyi za ta sa su duka biyu cikin "waɗanda iyayensu ba su yi karatu ba", a rasa ainihin abin da gida ya ba su.

Saboda haka muna ba da shawara uku: a gwada kowane yaro da harsunansa biyu, a auna saurin furucinsa cikin kowane ɗaya, a tambayi makarantar allo da sana'ar gado kamar yadda ake tambayar albashi. Nijar ta buɗe makarantun gwaji na harsunan gida tun 1973, kuma a 2025 an mai da hausa harshen ƙasa. Duk hukuncin da za a yanke kan harshen koyarwa, da kan yaron da zai maimaita aji, zai dogara da irin wannan awo. Idan mudu ya karkace, talaka ne ake tauyewa.