Ƙauyen da Greuze ya sayar wa manyan Paris

A baje kolin zane-zane na Paris a 1761, jama'a sun yi cincirindo gaban wani zanen Jean-Baptiste Greuze, sai da ƙyar mutum ke samun wurin leƙawa. Zanen ƙulla aure ne a ƙauye. Tsoho na zaune ya miƙa wa ango jakar kuɗi, domin a can uban amarya ne ke bayarwa. Magatakarda na gefe da takardunsa, uwa ta riƙe hannun 'yarta kamar ba za ta saki ba, ƙanwar amarya ta kifa kai a kafaɗarta. A ƙasa ga kaza da 'yan tsaki, wai don a gane ana fatan zuri'a.

Marubuci Denis Diderot ya yaba masa sosai, yana ganin irin zanen da ke gyara tarbiyya ke nan. Daga nan salon ya bazu: talakawan ƙauye masu tsabta da kunya, uba mai faɗa a ji, kowa da hawaye a ido.

Abin da ke damuna shi ne wa aka yi wa zanen. Marigny, ɗan'uwan Madam Pompadour, farkar Sarki Louis na 15, shi ya saye shi. Manomin Faransa na wancan zamani kuwa harajin gishiri ya sha masa kai, ga na ƙasa, ga ushirin coci, ga aikin tilas na gyaran hanya. Ko alamar wannan babu a ɗakin da Greuze ya zana. Masu cin gumin manomi sun samu ƙauyen da za su kalla su share ƙwalla ba tare da an tambaye su komai ba. Shekara 28 bayan haka aka yi juyin juya halin 1789.

Ba na raina gwanintarsa. Ku dubi yayar amarya da ke bayan tsohon, ta yi tagumi, ƙanwarta ta riga ta aure, fuskarta cike da kishi. Ita kaɗai ce ba ta wa'azi a zanen, kuma duk wanda ya taɓa zama a gidan biki ya san ta.

Zanen yana gidan tarihi na Louvre har yau. Wanda ya samu zuwa, ya tsallake kazar da hawayen, ya tsaya kan yayar nan. Ita ce abin kallo.